Kwabon da Aka Wanke da Toka

A cikin faifan da nake baje kayana ranar kasuwar Tambuwal akwai wani kwabo guda da ba na sayarwa ba ne. Ƙarami ne, bai fi farcen babban yatsa ba, ja ne jawur yana ƙyalli. Duk saurayin da ya tsuguna gabana shi yake fara kai wa hannu, ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsa, ya ce, "Baba Dikko, wanga ai shi na mai tsada." Nakan ce masa ya ajiye. A duk faifan babu wanda ya kai shi lalacewa, kuma wadda ta lalata shi ba mugunta ta nufa ba. Wata uwa ce daga Fakku, ta zo neman sunan garin da ɗanta yake kwance. Zan zo kan labarinta, amma sai kun fara sanin aikin tukuna, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ta rasa ba.

Ku yaran yanzu kallon kitse kuke yi wa rogo. Kun ga tsoho zaune a inuwa yana jujjuya tsoffin kuɗi, kun ɗauka ai ko makaho zai iya: a ɗauki hoto, a tambayi waya, ta faɗi suna. To ku tambaye ta mana ta gaya muku abin da ke ƙarƙashin dattin da bai fita ba.

Waɗannan da kuke gani kuɗin Rumawa ne, amma ni ba da su na fara ba. A maƙera na tashi, wajen Malam Ummaru, maƙerin fari, wanda yake yi wa matan Fulani zobba da 'yan kunne da awarwaro. Tsoffin sulalla da anini da kwabo mai huda muke saye mu narka, waɗanda suka yi kyau kuma mu bar wa mata su kitsa a gashi. Aikina zuga da tsince kuɗi. Malam Ummaru yakan sa in saki sulai a kan dutse in saurari ƙararsa, in na ce azurfa ce alhali ba ita ba, sai in ji ƙotar awartaki a bayan hannuna. Ba ya bayani, Allah ya jiƙansa. Hannuna ne ya riga kunnena koyon aikin.

Akwai wani Buzu, Alhusaini, da yakan sauko daga Agadas bayan kaka da duwatsun wuya da takubba. Wata shekara ya kwance wata 'yar jakar fata ya zube mana wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe, wasu kore, kamar ɓawon ƙwallon magarya. Ya ce kuɗin mutanen da ne, a tsoffin kufai ake tsintarsu can arewa da hamada. Malam Ummaru bai tsaya wata-wata ba ya ɗebi cikin tafin hannu guda ya zuba a wuta. Abin da ya fito wani dunƙulen ƙarfe ne mara kyau, ko zoben akuya ba zai yi ba. Ya yi tsaki ya ce a kwashe sauran. Ni na ɗaukar wa Alhusaini jakar zuwa Sakkwato, wurin wani Balaraben Sham mai kantin yadi da yake tara irinsu. A nan na ga babban mutum ya bar masu sayen yadi tsaye, ya maƙala gilashi a ido yana magana da kwabo kamar ya ga ɗan garinsu.

Tun daga ranar hankalina ya bar zuga. Balaraben ya koya mini fuska da haruffa, Buzu ya koya mini ƙasa. Alhusaini ko baƙi ɗaya bai iya karantawa a jikin kwabo ba, amma yakan kankare ɗan datti da farce a kan farin ƙyalle, ya murza, ya sansana. In jan yashi ne mai laushi ya cika tsakanin haruffa ya kama kam, ya ce wannan daga garuruwan dabino na cikin hamada yake. In farin ɓawo ne kamar farar ƙasa, da ɗan gishiri-gishiri a harshe, na bakin teku ne. In baƙar ƙasa ce mai maiƙo, daga gonakin zaitun na kan duwatsu aka tono shi. Shekara da shekaru yana kawo mini kaya yana faɗa mini inda kowane ƙulli ya fito, har idona ya saba.

Ga yadda nake yi in kwabo ya zo hannuna. Da farko ba na taɓa shi da komai, sai in kai shi hasken safe in dube shi da gilashin masu gyaran agogo, in ga irin ƙasar da ya zo da ita. Sannan in jiƙa shi a ruwan sama, wanda nake tarawa a randa tun damina, don ruwan rijiyoyinmu yana da kanwa, cin tagulla yake yi. Yakan daɗe a jiƙe, ina canza ruwan, har dattin ya saki da kansa. Daga nan sai ƙayar aduwa. Ba allura ba, ba reza ba, ƙaya. Da ita nake bin gefen hanci da kunne da kowane harafi, in ta dakushe in karyo wata. Ƙarƙashin dattin akwai wata fata kore ko baƙa mai santsi da tagulla ta yi wa kanta cikin ɗaruruwan shekarun da ta yi a ƙasa. Mu riga muke ce mata. Ita ce mutuncin kwabo, kuma sau da yawa rubutun ma a jikinta yake zaune, don ƙarfen da ke ƙasa ya riga ya cinye. Wanda ya tuɓe wa kwabo riga ya kashe shi. In na gama sai in shanya shi ya bushe sosai, in shafe shi da kakin zuma.

Karatun kuma wani aiki ne. Waɗannan kuɗin ƙarshen zamanin Rumawa ne, na talakawa, na sayen burodi da mai. A gaba kan sarki ne yana duban dama, da maɗauri mai ɗige-ɗige a goshi. Uba da 'ya'ya da 'yan'uwa duk kamarsu ɗaya, sai ka bi haruffan gefe kafin ka raba su. A baya za ka ga sojoji biyu da masu, da tuta a tsakaninsu, ko soja yana sukar mahayin da dokinsa ya faɗi, ko ƙofar gari da tauraro a samanta. Can ƙasa, ƙarƙashin wani ɗan layi, akwai haruffa kaɗan da suke faɗin garin da aka buga shi: Iskandariya ta Masar, ko Antakiya, ko birnin da ake ce wa Santambul yau. Wannan ɗan layin shi ya ja mini suna. Har Kebbe ana cewa akwai wani mutum a Tambuwal mai karanta sunan gari a jikin kwabo.

Masu saye iri-iri ne. Akwai malaman makaranta masu son nuna wa ɗalibai, akwai masu tarawa na Legas da Abuja da ban taɓa ganin fuskarsu ba sai murya a waya. Akwai kuma masu zuwa su rage murya su ce, "Malam, halan kuɗin mutanen kogo na?" suna so su ɗinke shi a laya. Nakan ce musu mai wannan kwabon da yana da sirrin arziki, da bai yar da shi a kasuwa ba. Bayan rasuwar Alhusaini kayan suka koma zuwa ta hannun yaranmu masu tafiya Libiya da Aljeriya neman aiki. Wanda ya yi haƙar harsashin gini ko aikin gona yakan tsinci biyu-uku ya jefa a aljihu, in Allah ya maido shi gida ya kawo mini.

Sai mummunar shekara ta zo. Wani ɗan iska da ban san ko wane ne ba ya baza magana cewa akwai wani jan ruwa a cikin tsoffin kuɗi da manyan masu kuɗi suke nema ido rufe. Jama'a suka haukace. Aka yi ta yanka kwabbai da zarto, ana hudawa, ana gasawa a wuta. Na ga mutum da furfurarsa ya sa kurfin maƙera ya raba kwabo mai ƙofar gari gida biyu, irin wanda sau ɗaya na taɓa riƙe mai kyansa, yana leƙa cikinsa. 'Yan damfara kuma suka shiga zuba na jabu suna binnewa a turken awaki don su yi kore. Masu sayena na nesa suka daina ɗaukar waya, don duk abin da ya fito daga wajenmu sun daina yarda da shi. Ga shi daminar ba ta yi kyau ba, hanyoyi kuma babu lafiya. Na koma gyaran tocila da makullai don a ɗora tukunya.

Cikin wannan shekarar ne, wata ranar kasuwa da hantsi, babur ya tsaya gabana. Wani magidanci ya sauke wata dattijuwa siririya da baƙin mayafi. Ya ce sunansa Manu, daga Fakku suke, wannan yayarsa ce Inno Hajo. Ta tsuguna daga gefe, muka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya har ƙarshe ba ta rage komai ba. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani farin ƙyalle wankakke.

"Malam, an ce kana karanta sunan gari ga irin waɗanga," in ji ta. "Kayan wani yaro na na gidanmu. So nika ka duba min garin."

Manu ya ja ni gefe kamar zai nuna mini wani abu a babur. "Ɗan farinta na, Malam," ya ce a hankali. "Bello. Ka san halinmu, ba ta faɗin sunanai, ko yana raye ba ta taɓa kiranai ba. Ya tafi arewa neman aiki, yau nan gobe can. Maganar ƙarshe da munka yi yac ce zai bar inda yake shi gusa gaba. Sai ƙullin kayanai munka gani, hannu da hannu wajen direbobi, riga da carbi da waɗanga kwabbai. An ce ya rasu, an yi mai sutura. Wanda yak kawo bai san garin ba, wanda yab ba shi ma bai sani ba. Ranar da labarin yaz zo ko hawaye ba ta yi ba, tat tashi tat tafi tatsar shanu. Amma tun daga nan ba ta barci. Suna ɗai taka so, ta san inda za ta ce Allah shi kai rahama."

Na dawo na buɗe ƙyallen. Kwabbai ne 'yan kaɗan, kowanne ja jawur, suna walƙiya kamar tasar amarya. Babu riga, babu ko ƙwayar ƙasa. Fuskokin sun shafe sun zama kamar inuwa. Na sansana, na ji tsamiya.

Na sa gilashi duk da haka. A ɗaya na ga sauran haruffa uku ƙarƙashin layi, na Iskandariya. A wani na ga na Antakiya. Sauran babu abin da ya rage. A nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai taushi: ka ce mata Iskandariya mana, gari ne na Musulmi mai suna mai daɗi, ta koma gida ta yi barci. Wa zai ƙaryata ka? Na daɗe ina juya kwabon a hannu. Amma matar nan ta hau babur a wannan hanyar ta Kebbe, a wannan shekarar, don ta ji gaskiya. Kuma addu'a za ta riƙa yi da abin da na faɗa mata har ta mutu.

"Inno," na ce, "wanga Iskandariya anka buga shi, can ƙasar Masar. Wanga kuma Antakiya. Amma garin da anka buga kuɗi daban, garin da anka tsince su daban. Kuɗi tafiya sukai. Ko nairar da ke ga hannunki ba Fakku anka yi ta ba."

Ta dubi kwabban. "To babu abin da ka gwada inda yat tsince su?"

Manu ya riga ya gane, don ya ga yadda fuskata ta yi lokacin da na buɗe ƙyallen. Ya girgiza mini kai daga bayanta. Na ce mata abin da wuya. Ta ce ba wuya ta tambaya ba. Na ce sai Allah. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun zuwanta.

"Malam, ni ba yarinya ba ta. Akwai ko babu?"

"Da akwai," na ce. "Ƙasar da ke jikinsu. Da na gan ta, ko ban faɗi gari ba, da na gaya miki ko cikin hamada na, ko bakin teku, ko wajen masu gonakin zaitun. Da mun san inda za mu fara tambaya."

Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba a sana'ata. Ta dubi hannuwanta. Sai a lokacin na lura fatar yatsunta duk ta saluɓe.

"Da datti sunka zo," ta ce, muryarta ba ta ko rawa. "Ƙasa ta kama su kamar ƙanzo. Nic ce ba a kai ma malami kaya da ƙazanta, kar a ce mai su ba shi da kowa. Nij jiƙa su ga tsamiya, nis sa toka da yashi, kamar yadda nika wanke tasoshina. Can bayan ɗaki nika zama in mutane sun fita, ina gurzawa."

Kowace mace a ƙasar nan haka take wanke tagulla, haka uwarta ta koya mata, kuma a kan tasa daidai ne. Ita kuwa ba ta da halin kiran sunansa, ba ta da halin kuka a gaban mutane. Wankin nan shi kaɗai ne abin da al'ada ta bar mata ta yi wa ɗanta, ta kuwa yi shi da dukan ƙarfinta. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai na ce ta bar mini su in yi musu magani, don tagullar da aka tuɓe da tsami takan kamu da wata ƙazuwa, wani koren gari da yake cin ta har ta zama ƙura. Ta ce to. Har ta miƙe, sai ta tsaya.

"Malam, ƙasar nan da niw wanke. Ta can ta? Ta inda yat taka?"

Na ce ta can ce, babu shakka.

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi, ta hau babur.

Na jiƙa kwabban a ruwan sama har tsamin ya fita, na shanya su, na rufe su da kaki. Rigar dai ba ta dawowa, sai dai a tsayar da ɓarna. Na riƙe su har farkon damina ta gaba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba. Ranar da na je kasuwar Kebbe sai na ce bari in ƙarasa Fakku in kai amana da hannuna. Hanyar ta jiƙe, sau da yawa sai mun sauka mun tura babur.

Manu ya yi mini iso. Gida ne na masu noma da 'yan shanu, turke a gefe, rumbu biyu. Inno Hajo ta kawo mini ruwa da nono, ta karɓi ƙullin ta buɗe ta duba. Ta zaɓi ɗaya, wanda ya fi shafewa, ta miƙo mini.

"Riƙe wanga, ka riƙa gwada ma mutane. Kar wata ta yi abin da niy yi."

Sannan ta ce in zo in ga wani abu. Muka zaga bayan ɗakinta ni da Manu. Akwai wani zogale a wurin, an kewaye shi da ƙaya har sama da gwiwa, an share gindinsa fes. Abin da ya ba ni mamaki ganyensa ne. A lokacin duk zogalen garin an tsige shi tas, da shi mutane suke rage yunwa, amma wannan ya yi lif, ko reshe ɗaya ba a taɓa ba.

"Nan niz zuba ruwan wankin," in ji ta. "Ban zuba ga makwarara ba, don kayan mamaci na. Ƙasar da niw wanke, duk nan tat tafi."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ta sunkuya ta cire wani ɗan haki da ya tsiro a gindin, ta yar a bayan ƙayar.

"Na san ba kabari ba na, Malam, ban haukace ba. Amma tun da ba ni da sunan gari, nan nika tsayawa in zan yi ma Bello addu'a."

Manu ya juya mana baya da sauri ya tafi wajen turke, yana ta gyaran igiyar da babu abin da ya same ta. Da ya rako ni bakin hanya ya ce tun ranar sunan yaron bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau.

Kwabon nan shi ne kuke fara ɗauka kullum. In wani naku ya dawo daga arewa da irinsu a aljihu, ko aka aiko muku da su cikin kayansa, ku kawo mini da dattinsu.